Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Tanadin Bayanan Ciniki Tun Kafin Ranar Asara

A watan Yuni na shekarar 2018, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Salla, gobara ta tashi da dare a babbar kasuwar Azare ta Jihar Bauchi, ta lashe shaguna da rumfuna masu ɗimbin yawa. Girman asarar ya sa Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya zo jihar domin jajanta wa jama'a a kan wannan gobara, da kuma guguwar da ta yi ɓarna a garin Bauchi a cikin makon. 'Yan kasuwar Giade da sauran garuruwan yankin Katagum, waɗanda Azare ce matattararsu ta saro kaya da hulɗa da bankuna, ba su manta da wannan rana ba.

Azare ba ita kaɗai ta ga irin wannan musiba ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021, ta Katsina kuma a watan Maris na wannan shekarar ta 2021. A duk inda haka ta faru, akan kafa kwamiti ya ƙidaya shagunan da suka ƙone da hajar da ta salwanta. Amma akwai wata asara da ba ta cika shiga lissafin kwamiti ba, ita ce asarar bayanai: littafin bashi, rasiɗai, takardun yarjejeniya, da lambobin wayar abokan ciniki. Haja idan ta ƙone, mai ita kan sami wanda zai ba shi wata bashi ya sake kafa rumfa. Littafin bashi kuwa idan ya ƙone, sai dai a koma ga rantsuwa da shaidu, kuma sau da yawa a nan zumuncin shekaru yake lalacewa.

Darasinmu na wannan fitowa zai yi bayani ne a kan yadda ɗan kasuwa, babba ko ƙarami, zai tsara kwafin bayanansa da hanyar farfaɗowa bayan masifa. Jigon darasin guda ɗaya ne: buƙatar kasuwancin ita ce ke yanke irin tanadin da za a yi, sannan a nemi na'urar da ta dace da wannan buƙata.

Tambayoyi biyu da ake farawa da su

Masana wannan fanni sun yi ittifaƙi a kan cewa akwai tambayoyi biyu da tilas mai kasuwanci ya amsa da kansa, domin babu injiniyan da zai iya amsa masa su.

Tambaya ta farko ita ce: idan bayanan nan suka ɓace yau, tsawon wane lokaci kasuwancin zai iya jurewa kafin a dawo da su? Wannan shi ake kira wa'adin farfaɗowa. Mai sana'ar POS a bakin tasha ba zai iya jure rabin yini ba, domin abokan cinikinsa za su koma wurin na kusa da shi. Mai ajiye hatsi a sito yana jiran farashi ya tashi kuwa yana iya jure kwana uku ko huɗu ba tare da ya yi wata asara ba.

Tambaya ta biyu ita ce: cinikin awa nawa ko kwana nawa zai iya rasa rubutunsa ba tare da ya durƙushe ba? Wannan ita ake kira iyakar asarar bayanai, kuma ita ke nuna tazarar da ya kamata a bari tsakanin kwafi da kwafi. Wanda yake ɗaukar kwafi duk ranar Juma'a, idan wuta ta tashi ranar Alhamis, ya rasa rubutun kwana shida ke nan. Wanda yake ɗauka kowane dare, abin da zai rasa bai wuce na yini guda ba.

Abin lura shi ne, duk lokacin da aka rage ɗaya daga cikin waɗannan biyu, kuɗin tanadi yana ƙaruwa. Saboda haka ƙa'idar ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Bai kamata a kashe wa tanadi abin da ya fi asarar da ake gudu ba, kuma bai kamata a yi ƙwauron 'yan kuɗi kaɗan a kan bayanan da jarin mutum gaba ɗaya ya rataya a kansu ba.

Misali daga kasuwar Giade

Domin a fahimci yadda ake amsa waɗannan tambayoyi, bari mu ƙaddara wani attajirin hatsi a Giade. Lambobin da za mu ambata na misali ne kawai. A ce yana sayen gero, dawa, wake da riɗi daga manoman ƙauyuka, yana kuma tura lodi zuwa Kano. A ce yana bin mutum 40 bashin da ya kai Naira miliyan 12, kuma ya ba wasu manoma kuɗi tun da damina a kan za su biya da hatsi idan kaka ta yi. Yawancin cinikinsa na mako yana faruwa ne a rana ɗaya, wato ranar kasuwa.

Idan wannan attajiri ya zauna da akawunsa, zai ga bayanansa sun kasu daraja uku.

Daraja ta farko su ne waɗanda idan babu su ciniki ya tsaya cik: littafin masu bashi da waɗanda ake bin sa, lissafin kuɗin da aka ba manoma, layin wayar da banki ke turo masa saƙo, da hanyar shiga asusun bankin. Waɗannan wa'adin farfaɗowarsu bai kamata ya kai ranar kasuwa mai zuwa ba, kuma asarar da za a iya jurewa a kansu ba ta wuce ta yini guda ba. A ranar kasuwa ma, gara a ɗauki kwafi sau biyu, da azahar da kuma bayan an tashi, domin rubutun wannan rana ɗaya ya fi na sauran kwana shida nauyi.

Daraja ta biyu su ne waɗanda ciniki zai iya tafiya da ɗingishi idan babu su: ƙididdigar buhunan da ke sito, lissafin albashin yara, da kuɗin dako da na mota. Idan sun ɓace ana iya sake ƙirga buhuna, ko da yake da wahala. Kwafin mako-mako ya wadatar a nan.

Daraja ta uku su ne takardun da ba kullum ake neman su ba, amma ranar da aka neme su babu abin da zai tsaya a madadinsu: takardar rajistar kamfani, takardar mallakar shago ko fili, rasiɗan haraji, da yarjejeniyar haɗin jari. Waɗannan ba sa sauyawa, don haka ɗaukar hotonsu sau ɗaya a adana a wurare biyu ya isa, a riƙa sabuntawa idan an sami sabuwar takarda. Ya kamata masu kamfani mai rajista su sani cewa Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ta wajabta adana littattafan lissafi na tsawon shekara 6.

Wannan rabe-rabe shi ne rabin aikin. Wanda ya yi shi ya san inda zai zuba kuɗinsa da inda zai yi tsimi.

Ire-iren kwafi da amfanin kowanne

Akwai hanyoyi uku da ake bi, kuma rashin bambance su yana jawo wa mutane asara.

Hanya ta farko ita ce kwafin nan-take. A nan na'urori biyu ne a wurare daban-daban, kuma ba a ɗaukar an kammala rubutu sai dukkansu biyu sun karɓa. Idan ɗaya ta mutu, ɗayar tana da komai har zuwa ciniki na ƙarshe. Irin wannan shi manyan bankuna da kamfanonin sadarwa suke buƙata. Tsadarsa tana da yawa, kuma yana son layin sadarwa mai ƙarfi da ba ya yankewa. Nisa ma yana rage masa sauri, domin saƙo a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a sakan guda, kuma kowane rubutu sai ya je ya dawo kafin a wuce zuwa na gaba.

Hanya ta biyu ita ce kwafin biye. Ana rubutawa a na'ura ta farko, ta biyu kuma tana biyo baya da 'yan mintoci ko 'yan awoyi, gwargwadon yadda sadarwa ta samu. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya fi dacewa da garuruwan da sadarwa ke zuwa tana ɗaukewa. Abin da ake rasawa idan masifa ta auku shi ne ɗan abin da bai riga ya isa can ba. Manhajojin lissafi na wayar hannu da ke tura bayanai zuwa rumbun intanet da wannan tsari suke aiki.

Hanya ta uku ita ce kwafin ajiya, wato a ɗauki bayanan yadda suke a wata rana, a ajiye su gefe guda ba tare da an sake taɓa su ba. Ana yin haka a filash, ko faifan kwamfuta na waje, ko ma littafi na biyu da aka kwafa da hannu.

A nan ne babban kuskure yake. Hanya ta farko da ta biyu kamar madubi suke: duk abin da aka yi a gabansu shi suke nunawa. Idan akawu ya goge sunan mai bashi, bisa kuskure ko da gangan, gogewar za ta bi ta isa na'ura ta biyu. Idan muguwar manhaja ta shiga ta ɓata lissafi, ɓarnar ma za ta bi. Kwafin ajiya ne kaɗai yake iya mayar da mutum ga yadda littafinsa yake a makon jiya. Saboda haka madubi yana maganin mutuwar na'ura, kwafin ajiya kuma yana maganin kuskure da ha'inci. Mai hankali yana haɗa su biyun.

Daga nan masana suka fitar da ƙa'idar da ake kira 3-2-1: a mallaki kwafi 3 na duk bayani mai muhimmanci, a kan abubuwa iri 2 daban-daban, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani wuri na nesa. Ga attajirinmu na Giade, wannan na iya zama littafin da ke shago, hoton shafukansa a waya da ke tafiya rumbun intanet kowane dare, da filash ko littafi na biyu da ke hannun amintacce a wani gari.

Ina ne wuri na nesa?

Amsar ta dogara ga irin masifar da ake gudu. Idan gobara ce, gidan mutum da ke wata unguwa ya isa. Amma wanda ya ajiye littafi na biyu a shagon ƙaninsa da ke layi ɗaya da nasa a kasuwa, bai yi tanadin komai ba. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan hulɗarsa sun rasa bayanansu har abada, domin kwafin ajiyarsu yana harabar da ta ƙone.

Idan ambaliya ce kuwa, unguwa ba ta wadatar ba. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yi ɓarna a ƙananan hukumomin Giade, Shira da Katagum, har ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. A watan Satumba na shekarar, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban sashe na Maiduguri, gidaje da kasuwanni baki ɗaya. A irin wannan hali, shago da gida suna iya nutsewa a dare ɗaya, hanyar zuwa garin da aka ajiye kwafi ma tana iya yankewa. Don haka ɗan kasuwar da ke zaune a kwari ya kamata ya sami kwafi a rumbun intanet, takardunsa na asali kuma a naɗe su cikin leda a sa a akwatin ƙarfe a wuri mai tudu.

Kwafin da ba ya haɗe da komai

Akwai wata masifa da nisa ba ya maganinta, ita ce ta ɓarayin intanet masu sakin manhajar da ke kulle bayanai, wani lokaci su nemi kuɗin fansa. A watan Yuni na 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shiga kwamfutocin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci masu riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga a ƙasashe da dama, kowace tana kwafar 'yar'uwarta. Da yake duk a haɗe suke, sai cutar ta cinye su tare. Guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar tana kashe. Da faifan wannan na'ura, wanda aka bi da shi ta Nijeriya zuwa Ingila, aka sake gina tsarin. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa tsakanin Dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin da ya ceci Maersk tsautsayi ne da ya zo da alheri. Ɗan kasuwa ba zai dogara da irin wannan dace ba. Ya kamata ya yi da gangan abin da ɗauke wuta ya yi musu: ya kasance yana da kwafi ɗaya da ake cirewa daga kwamfuta a kulle a durowa, ba ya haɗe da intanet.

Ranar da babu sadarwa, babu wuta

Rumbun intanet yana da amfani matuƙa, amma shi ma sai da hanyar isa gare shi. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira, babu tura kuɗi. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da dama a Nijeriya suka sami tangarɗa. A watan Oktoba na 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta.

Darasin da ke cikin waɗannan shi ne kada takarda ta fita daga tsarin. Duk wanda ya mayar da lissafinsa cikin waya ko kwamfuta, ya riƙa buga ko rubuta jerin masu bashi da abin da ke kan kowa aƙalla sau ɗaya a mako. Ya tanadi littafin rasiɗi na ko-ta-kwana, da layukan waya na kamfanoni biyu daban-daban, da ɗan faifan sola na cajin waya. Wanda jarinsa ya kai, ya buɗe asusu a bankuna biyu. Idan sadarwa ta dawo, sai a shigar da abin da aka rubuta a takarda, a kuma sa wa kowane shafi alamar an shigar da shi, don kada a rubuta ciniki ɗaya sau biyu.

Mutane da amana

Na'ura ba ta farfaɗo da kasuwanci, mutane ne suke yi. Akwai abubuwa uku da ake yawan sakaci da su.

Na farko, layin wayar da asusun banki yake kansa. Tun daga watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Idan layin kasuwanci yana da rajista da sunan yaron shago ko wani ɗan'uwa, ranar da wayar ta ƙone ko aka sace ta, wanda sunansa ke kan rajistar ne zai iya dawo da layin. Ya kamata a gyara wannan tun ana zaman lafiya.

Na biyu, kalmar sirri. Kwafin da ke rumbun intanet ba shi da amfani idan mutum ɗaya ne ya san mabuɗinsa, kuma shi ne ya kwanta asibiti ko ya riga mu gidan gaskiya. Magada da yawa sun san mahaifinsu yana bin mutane bashi, amma ba su da abin nunawa. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta kalmomin sirri a takarda, a liƙe a ambulan, a damƙa wa amintacce guda tare da wasiyya. Musulmin ɗan kasuwa ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Kiyaye rubutun bayan an yi shi cikon wannan umarni ne.

Na uku, sirrin abokan ciniki. Yawaita kwafi yana yawaita ƙofofin da ɓarawo zai iya shiga. Filash ɗin da ke ɗauke da sunaye, lambobin waya da lambobin asusun jama'a, idan ya faɗi a mota, amanar mutane ce ta zube. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Don haka a sa wa waya da filash makulli, kuma a taƙaita yawan waɗanda ke da izinin ɗaukar kwafi.

Gwaji shi ne hujja

Mataki na ƙarshe, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne gwaji. Mutane da yawa sun yi shekara suna zaton wayarsu tana tura kwafi, sai ranar buƙata suka tarar rumbun ya cika tun tuni, ko filash ɗin ya daina buɗewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sau ɗaya a kowane wata uku, kuma lalle kafin faɗuwar damina da kafin hunturu lokacin da gobarar kasuwanni ta fi yawa, mai kasuwanci ya zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, ya kulle littafinsa da wayarsa a durowa kamar sun ƙone. Sannan ya ce wa akawunsa ya fito masa da abin da mutum uku daga cikin masu bashi suka rage biya, ta hanyar kwafi kaɗai. Ya duba agogo. Idan an kawo amsa daidai cikin wa'adin da ya yanka tun farko, tsarinsa ya tsaya. Idan an kasa, ya gano ɓarakar a ranar da gano ta ba ta ci masa ko kwabo ba.

Bayan gwajin, a rubuta tsarin gaba ɗaya a takarda guda: wa za a fara kira, ina kwafi yake, wane bayani za a fara dawowa da shi, kuma a ina za a ci gaba da ciniki kafin a gyara shago. A ba mutum biyu wannan takarda, ɗaya daga cikinsu wanda ba ya kwana a unguwar kasuwa.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Giade, Azare da sauran garuruwa suna iya sauƙaƙa wa mambobinsu wannan aiki, ta hanyar tanadar akwatin ƙarfe mai jure wuta a wajen kasuwa, da kuma samo matashi mai ilmin kwamfuta da zai riƙa zagayawa yana duba wa kowa kwafinsa. Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane mai karatu zai iya yi yau da daddare bayan ya rufe shago: ya buɗe littafin bashinsa, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya tura wurin da wuta ko ruwan da zai ci shagon ba zai kai ba.